Tantin da Badamasi Ya Ara

Badamasi, tantin ya iso.
Ɗan acaɓa ya dire shi a ƙofar gida, nan Mazoji,
cikin buhun taki, baki ɗaure da tsumma,
kai kuwa ko ƙeyarka ban gani ba.
Da na kwance, na gane dalili.

Wari ne ya fara yi mini sallama,
warin ɗakin da aka kulle tun farkon damina.
Ka naɗe shi da raɓar asuba a jikinsa.
Kwana nawa? Funfuna ta ba ni amsa:
ɗigo-ɗigo baƙi, kamar kashin ƙuda a bango,
ta cinye kusurwa guda, tana lallaɓawa ƙofa.

Mako bakwai kana gadin kankana a bakin Daberam,
bai bar ɗigon ruwa ya taɓa maka tabarma ba.
Tukuicinsa ke nan?

Na baje shi a tsakar gida, na kori kaji.
Tsintsiyar laushi tukuna, daga ciki zuwa waje:
yashi ya kai rabin tiya,
ɓawon gyaɗa, ƙarangiya, ƙayar kifi,
da 'yar kunama busasshiya, wutsiya a ɗage har yanzu.

Sahura ta miƙo omo. Na ce a'a,
omo cinye masa maiƙon da ke korar ruwa yake yi.
Ruwan ɗumi, soso mai taushi, sabulu kaɗan,
lemon tsami inda funfuna ta kafa gari.
Ba a cuɗa shi kamar wando,
ba a murɗewa, ba a bugu.
Shafa ake yi, kamar mai cuɗa wa tsoho baya.

Turaku sha shida na ba ka.
Sha uku na ƙirga, biyu a tanƙware.
Na miƙe su bisa dakali da guduma,
na kankare laka, na shafa baƙin mai saboda tsatsa.
Zif ya cije, na goga masa kyandir
har ya tafi sumul, ya dawo sumul.

Ina bin ɗinki da kakin zuma, layi-layi,
ina tsara maganar da zan yaɓa maka,
sai yatsana ya ci karo da faci.
Ba nawa ba ne.
Zaren buhu ne, ɗinki barkatai kamar tsallen kwaɗo,
a kan yagar da ta kai taƙi guda.
Kai ne. Ina jin da dare ne, tocila a baki, iska na kaɗawa.
Dab da shi kuma, yatsa biyu tsakani,
ga facin Baba,
na shekarun da yake yawon allurar shanu
daga Zango zuwa Baure, ruga-ruga.
Shi ma barkatai. Hannunku ɗaya.
Ni kaɗai na fita daban,
mai miƙaƙƙen layi, mai ƙirgar turaku.

Na zauna a bakin baho har ruwan ya huce.
Ban farke ɗinkinka ba.
Na dai bi shi da kaki.

Yanzu yana rataye tsakanin bedi da katanga, a inuwa,
don rana mai zafi gasa yadi take yi.
Iska ta shige shi, ya kumbura, ya sace,
kamar ƙirjin mai barci.
Gobe in juya cikinsa waje.
Jibi, in na kara kuncina ban ji sanyi ba,
in naɗe shi sakwa-sakwa, ba kan tsohon kari ba,
in ɗora can sama, inda gara da ɓera ba sa kaiwa.

Ka zo ka ci tuwo, ba zan yi faɗa ba.
To, zan yi kaɗan.
Ka taho da turakuna uku.
In kankana ta sake kira, yana nan,
amma sai ka yi mini alkawari:
ka bari rana ta ɗaga, ta lashe raɓa,
sannan ka naɗe.